Saiwa, Jini da Guba: Me Ɗakin Gwaji Yake Iya Gani?

Duk mai duba mujallun kimiyya na jami'o'inmu, daga Bayero ta Kano zuwa Ahmadu Bello ta Zariya da Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, zai yi ta cin karo da bincike iri guda. An ɗauko ganyen sabara, ko sassaƙen marke, ko 'ya'yan bagaruwa, an gwada su a kan ƙwayoyin cuta, an samu suna hana su yaɗuwa. Daga nan sai labari ya fita kasuwa. Mai magani da lasifika a saman mota ya ce, "Jama'a, wannan likitoci sun gwada shi a jami'a, sun tabbatar." Kuma ba ƙarya ya shara gaba ɗaya ba, an gwada ɗin. Sai dai me aka gwada, a kan me, kuma iya ina hurumin gwajin ya tsaya?

Ga yadda aikin yake a kan tebur. Za a shanya ganyen a inuwa, a daka shi ya yi laushi, a jiƙa shi a ruwa ko a sinadarin etanol na kwana biyu ko uku, a tace, a ƙafar da ruwan har sai wani abu mai danƙo, baƙi-baƙi, ya rage a gindin kwalba. Sai a ɗauko ɗan faranti mai murfi da aka zuba wa daskararren abincin ƙwayoyin cuta, a shafe fuskarsa da ƙwayar da ake so, galibi Staphylococcus aureus mai kawo maruru da ruɓewar ciwo, ko E. coli, ko Salmonella mai kawo taifot. A huda ramuka masu faɗin milimita 6, a ɗiga ruwan ganyen a ciki, a rufe, a sa a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, wato zafin jikin mutum, a bari ya kwana. Da safe faranti ya yi hazo fari-fari saboda ƙwayoyin sun hayayyafa, amma kewayen kowane rami akwai da'ira tas, inda ba abin da ya tsiro. Ɗalibi ya ɗora rula ya auna: milimita 14, milimita 18. Ya rubuta, ya yi murna, kuma ya cancanci murnar.

Irin wannan da'irar ce Alexander Fleming ya gani a Landan a 1928, kewaye da wata fumfuna da ta faɗa masa cikin faranti. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne sai a 1941 aka fara yi wa mara lafiya allurar fenisilin da gaske, bayan Howard Florey da Ernst Chain da abokan aikinsu a Oksfod sun sha fama wajen tace ta. Mutumin, wani ɗan sanda, ya fara samun sauƙi, maganin ya ƙare, ya rasu. Shekara 13 ke nan tsakanin faranti da gadon asibiti, a kan maganin da ba a taɓa samun kamarsa ba.

Ba wanda zai ce neman sabon magani a cikin itatuwa aikin banza ne. Wani babban nazari da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu kai tsaye saboda ƙwayoyin cuta sun bijire wa magungunan da ake da su, kuma idan aka auna da yawan jama'a, yammacin Afirka ne ya fi ko'ina shan kashi. Buƙatar tana nan, ta fi ƙarfin musu.

Matsalar tana wajen awo. Yawancin waɗannan gwaje-gwaje ana yin su ne da miligiram 50, ko 100, ko 200 na ruwan ganye a cikin kowane mililita. Ƙwararru a fannin kuwa ba sa ɗaukar ruwan ganye da muhimmanci sai ya iya tsayar da ƙwayar cuta a ƙasa da maikirogiram 100 a mililita, kuma maikirogiram 1,000 ne ke yin miligiram guda. Wato wanda ya yi gwaji da miligiram 100 ya ninka wannan iyaka sau dubu. Sifurofulokzasin, wanda ake sayarwa a kowane kemis, yana tsayar da E. coli da ba ta bijire ba a ƙasa da maikirogiram 1. A irin wancan kauri, sabulu ma zai yi da'ira. Kuma ba yadda za a yi jinin mutum ya ɗauki wannan yawan abu ya kai shi huhu ko mafitsara.

Bagaruwa ta ishe mu misali. Majema sun san ta tun kaka da kakanni: da ita ake jima, ita ke kama ɗanyar fata ta hana ta ruɓewa. Sinadarin da ke wannan aiki, tanin, yana manne wa duk furotin da ya samu ya ƙandarar da shi. Ba ya zaɓe. A faranti zai kama ƙwayar cuta, a baki zai ɗaure harshe, a ciki zai kama abincin da aka ci ya rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke ketare hanji ya shiga jini. Wannan bai hana bagaruwa amfani a kurkurar baki ko wanke ciwo ba, inda take haɗuwa da ƙwayar cutar gaba da gaba. Amma daga "ta kashe Salmonella a faranti" zuwa "tana maganin taifot" akwai tafiya mai nisa da ba a yi ba. Zuma ma a waje ta fi cin nasara. Yawan sukarinta yana zuƙe ruwan jikin ƙwayar cuta, tana da tsami-tsami, kuma idan ta haɗu da danshin ciwo tana fitar da sinadarin da ke kashe ƙwayoyin cuta a hankali. Gwaje-gwaje a kan masu ƙuna marar zurfi sun nuna tana gaggauta warkewa da 'yan kwanaki, har akwai bandejin zuma da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi tun 2007. Zumar nan dai likitocin yara ke hana a bai wa jaririn da bai shekara ba, saboda takan ɗauko irin wata ƙwaya da ke tsira a hanjinsa ta shanye masa jiki.

Wadda ta bi hanyar har ƙarshe ita ce Tu Youyou ta ƙasar Sin. Ita da abokan aikinta sun tattara haɗe-haɗen gargajiya sama da 2,000 suna neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Wani ganye dangin tazargade yakan yi aiki yau, gobe ya ƙi. Sai ta lura wani tsohon littafin magani na ƙarni na huɗu bai ce a dafa shi ba, a jiƙa ya ce a matse. Ta koma tatsarsa ba tare da zafi mai yawa ba, a 1971 ya yi aiki a kan ɓeraye da birai, a 1972 aka ware sinadarin shi kaɗai, aka san nauyinsa, aka san adadin da za a sha. Shi ne tushen magungunan maleriya da muke sha yau, kuma ya kai ta ga lambar Nobel a 2015. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda a sha shayin ganyen a madadin maganin ba, domin yawan sinadarin yana bambanta daga gona zuwa gona, kuma rabin magani shi ke koya wa cuta bijirewa. Mu ma an taɓa kama hanyar. Cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa Niprisan domin masu sikila, daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani icce ɗan'uwan madobiya, ta gwada shi a kan marasa lafiya 82 tare da kwatanta shi da maganin bogi, aka ga raguwar tashin ciwo. Abin da ya dabaibaye shi daga baya rikicin kamfani ne da kuɗi.

Sai maganar garkuwar jiki, wadda tun zuwan korona ta zama gishirin kowace talla. Babu na'urar da ke auna "ƙarfin garkuwa" da lamba guda. Abin da ake aunawa alamomi ne: yawan fararen ƙwayoyin jini, ko ƙwayoyin CD4 da masu cutar ƙanjamau suka sani sarai, ko wasu sinadaran aika saƙo irin su IL-6, ko furotin ɗin CRP da hanta ke fitarwa. A lafiyayyen mutum CRP ba ya wuce miligiram 5 a lita, amma cikin kwana ɗaya ko biyu da kamuwa da cuta mai tsanani yana iya haura 100. Yana shaida cewa wuta ta tashi a jiki, ba ya faɗin abin da ya kunna ta. Maleriya na ɗaga shi, ciwon huhu na ɗaga shi, karaya ma haka.

Mun san illar karanta alama a baibai, don kusan kowane gida an taɓa dawowa daga gwaji da takarda ana cewa "taifot ne da maleriya". Gwajin Widal, wanda wani likitan Faransa ya fito da shi a 1896, ba ƙwayar taifot yake gani ba, martanin da jini ya taɓa mayar mata yake gani. A garin da kowa ya sha ruwan rijiya da na ga-ruwa tun yana yaro, masu lafiya da yawa suna ɗauke da wannan martani, kuma maleriya kanta tana iya sa gwajin ya nuna akwai. Gwajin da ke raba gardama shi ne a shuka jinin a ga ko ƙwayar za ta tsiro, sai dai yana cin kwanaki, yana cin kuɗi, yana son wutar lantarki da ba ta ɗaukewa. Saboda haka ake ta ɗura wa mutane maganin kashe ƙwayoyin cuta ba gaira ba dalili. A lardin Sindh na Pakistan, tun 2016 aka samu taifot da ya bijire wa kusan duk magungunan baki da aka saba ba shi.

Idan an ce wani ganye "ya ƙarfafa garkuwa", yawanci ma'anarsa an ba ɓeraye, fararen ƙwayoyin jininsu sun ƙaru, ko an ɗiga shi a kan ƙwayoyin garkuwa a kwalba, sun fitar da sinadaran saƙo. To, ai guba ma haka take yi. Jiki yana tayar da jijiyar wuya ga duk baƙon da bai yarda da shi ba. Masu bincike a Jami'ar Misisifi ta Amurka sun bi diddigin wani ganye mai suna ekinasiya da Turawa ke sha don mura, suka gano a 2008 cewa mafi yawan motsin da yake sa ƙwayoyin garkuwa su yi a kwalba ba daga ganyen yake ba, daga ɓurɓushin bakteriyar da ke zaune a jikinsa ne. Kuma wa ya ce tashin garkuwa alheri ne kullum? A watan Maris na 2006, a Landan, an yi wa samari shida masu lafiya allurar gwaji ta wani magani mai zaburar da garkuwa, wanda birai suka jure ninkinsa 500 lafiya lau. Cikin sa'o'i dukkansu suna ɗakin masu rai-kwakwai-mutu-kwakwai, sassan jikinsu na tsayawa ɗaya bayan ɗaya. A korona kuwa, maganin farko da aka tabbatar yana ceton rai, dekzametazon, danne garkuwa yake yi: gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna ya rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kusan kashi ɗaya cikin uku.

Ɓangaren guba shi ne ba shi da farin jini, don ba wanda ke tallarsa. Abin da aka saba a jami'o'inmu shi ne hanyar Lorke ta 1983: ɓeraye 13, a ba su abin sau ɗaya, a jira a ga waɗanda za su mutu. Idan miligiram 5,000 a kowane kilo na nauyin ɓera bai kashe ba, sai a rubuta "ba shi da haɗari". Wannan amsa ce ga tambayar ko zai kashe mutum yau. Mai hawan jini ko ciwon suga da ke shan tsimi safe da yamma wata shida tambayarsa daban ce, kuma amsarta tana cikin gwajin kwana 28 ko 90, da auna sinadaran hanta da na ƙoda a jini, da yanka naman hantar a duba ta a madubin likita. A farkon shekarun 1990, mata sama da 100 a Beljiyam sun samu lalacewar ƙoda bayan shan ƙwayoyin rage ƙiba da aka cakuɗa da wani tsiro jinsin Aristolochia, jinsin da dumar dutse tamu ke ciki. Ba wadda ta faɗi a ranar da ta sha. Wata da watanni abin ya ɗauka, kuma cikin 39 da aka yi wa tiyata daga baya, an samu 18 da sankarar hanyar fitsari. Man 'ya'yan darbejiya ma, da wasu ke ɗura wa jarirai, likitoci a Maleshiya sun rubuta tun 1981 yadda yake jefa su cikin amai da jijjiga da suma. Shi ya sa yana da kyau a riƙa karanta kwalba: lambar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L tana nufin an duba maganin ba ya cutarwa nan take, ta shekara biyu ce, kuma a jikin kwalbar akan rubuta cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar ba.

Wani abin ban mamaki, fumfunar da ta ba duniya fenisilin tana da 'yar'uwa da ke ba mu guba a kwano. A 1960, lokacin da dalar gyaɗa ke tashe a Kano, talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin ƙulin gyaɗa da aka shigo da shi daga Brazil. Daga nan aka gano afulatoksin, gubar da wata fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masara idan fari ya buge su a gona ko danshi ya kama su a rumbu. Dafuwa ba ta kashe ta. A Kenya a 2004 ta kwantar da mutum 317, 125 suka rasu. Amma aikinta na yau da kullum a ɓoye take yinsa, kuma a nan ne awon jini ya nuna amfaninsa, domin gubar tana manne wa wani furotin na jini ta bar tabon da ke nuna abin da mutum ya ci a wata biyu zuwa uku da suka wuce. A Benin da Togo an samu tabon a jinin kashi 99 cikin 100 na yara 480, kuma waɗanda suka fi tsumburewa su suka fi yawansa. A Gambiya an ga yaran da ke ɗauke da shi suna da ƙarancin wani sinadarin garkuwa na cikin miyau. Idan ta haɗu da cutar hanta nau'in B, haɗarin sankarar hanta yakan ninka sau da yawa, har kusan 60 a wani nazari na Shanghai. Maganin da cibiyar IITA ta Ibadan ta fito da shi, Aflasafe, shi ma fumfuna ce, irin wadda ba ta yin guba, an shafa ta a jikin dawa mai launin shuɗi, a watsa kilo 10 a hekta makonni biyu zuwa uku kafin fure, ta riga mai gubar kama wuri. Sassaƙe da saiwar da ake shanyawa a ƙasa a tara a buhu su ma fumfuna ba ta ƙyale su ba, amma da wuya ka ga mai gwajin da'ira ya duba wannan.

Babu inda ɗakin gwaji ya yi mana rana kamar Zamfara. A farkon 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci Na Gari Na Kowa da ke sa ido kan sanƙarau suka ji labarin yara na mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare. Yaro zai fara amai, ya yi jijjiga, ya sume, ya tafi. An ba da maganin maleriya, an ba da na sanƙarau, shiru. Wasu suka ce iska ce. Sai da aka ɗebi jini aka aika Turai sannan amsa ta fito: dalma. Farashin zinari ya tashi, maza suna haƙo dutse su kawo gida, ana dakawa a turmi ana niƙawa a inji a tsakar gida, ƙurar na sauka inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki, kuma dutsen yankin cike yake da dalma. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa a nemo tushen matsala da zarar dalma ta kai maikirogiram 5 a desilita na jini, a 45 kuma a fara ba da maganin fitar da ita. Ƙaramar na'urar da aka kai ƙauyukan, wadda ke ba da sakamako cikin minti uku daga ɗigon jini, iyakarta 65, kuma yara da yawa sun wuce abin da take iya karantawa. A ƙauyuka biyu da aka bi gida-gida, yara 118 cikin 463 'yan ƙasa da shekara biyar sun mutu a shekara guda, kuma kashi 97 cikin 100 na waɗanda aka gwada sun haura 45. A wasu gidajen ƙasar tsakar gida ta haura kashi 100,000 cikin miliyan na dalma, alhali iyakar Amurka a lokacin 400 ce. Yaran da suka rasu sun kai 400.

Da aka san sunan abin, aka san abin yi: a kankare ƙasar gidaje a zuba sabuwa, a fitar da niƙa daga cikin gari, sannan a ba yara ƙwayar da ke kama dalma ta fita ta fitsari. Tsarin ma yana da muhimmanci, don idan aka ba da magani yaro ya koma ƙasar da ba a kankare ba, aikin baya ne. Ƙauyen Bagega kuwa sai a 2013 aka samu kuɗin share ta. Dalmar kuma ba a ramin zinari kaɗai take ba. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan wata shida, ɗan asalin Najeriya, a Boston, da aka samu dalma a jininsa. Da aka gwada kwallin da ake ranbaɗa masa, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce.

A ganina, da za a rage rabin gwaje-gwajen da'ira da ake maimaitawa a kan ganye guda shekara da shekaru, a haɗa kuɗin a sayi na'urar auna ƙarafa masu guba da ta ware sinadarai, a tanadar musu wuta da mai gyara, da jami'o'inmu sun fi amfanar da mu. Dalilin da ya sa ba a yi ba a bayyane yake: faranti araha ne, yana ba da sakamako da safe, yana isar ɗalibi ya kammala, malami ya samu ƙarin girma. Gwajin dalma a jini kuwa har yau ba abin da ake samu ba ne a asibitin ƙaramar hukuma, ko a yankunan da ake haƙar zinari. A 2015, shekara biyar bayan Zamfara, abin ya maimaita kansa a Shikira da maƙwabtanta, cikin ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.